Daga Doka zuwa Ƙauyukan Igabi: Wa Za a Kira Idan Gobara Ta Tashi?

Mazaunin Doka, cikin garin Kaduna, ba ya cika tunanin nisan asibiti. Idan ciwo ya tashi cikin dare a Unguwar Sarki ko Malali ko Unguwar Rimi, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana nan kusa, na Kawo ma ba nisa, ga asibitocin kuɗi birjik. Idan gobara ce, akwai 'yan kwana-kwana na jiha, akwai na tarayya, filin jirgin sama ma da nasa motocin kashe wuta. Ko za su zo da wuri, ko za su zo da ruwa, wannan wata magana ce da za mu zo kanta, amma dai akwai wanda za a kira. Da zarar mutum ya sauka daga gadar sama ta Kawo ya miƙi hanyar Zariya, ya wuce Rigacikun, ya ratse daga kwalta zuwa ƙauyukan Igabi, sai lissafi ya sauya. A can idan wuta ta kama, bokiti da ƙasa da ɗanyen ganye su ne kayan aiki. Idan mace ta fara zubar da jini bayan haihuwa, motar asibitinta ita ce babur ɗin maƙwabci, shi ma idan akwai mai a ciki.

Shi ya sa duk lokacin da wani iftila'i ya auku ake ta da maganar a gina wa mutanen karkara tashar kashe gobara, a ajiye musu motar ɗaukar marasa lafiya. Magana ce mai daɗin ji, ba wanda zai ƙi ta a bainar jama'a. Abin da ba a cika tsayawa a warware ba shi ne me tashar za ta iya yi, me ya fi ƙarfinta, a ina ya dace a kafa ta, kuma wa zai riƙa zuba mata mai bayan an yanke ƙyalle an watse. A ganina ginin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, kuma shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Mu kuwa da shi muke farawa, sau da yawa ma a kansa muke tsayawa.

A daren Lahadi 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85. An yi ta magana a kan kuskuren sojoji, kuma ya cancanci a yi. Sai dai akwai wani gefe na wannan dare da bai samu kulawar da ta kamace shi ba. Tudun Biri ba a bangon duniya take ba, ba ta da nisa da filin jirgin saman Kaduna, amma waɗanda suka ji rauni sai cikin gari aka kawo su, Asibitin Barau Dikko. Bayan abin ya faru ne aka shiga yi wa ƙauyen alkawarin hanya da asibiti. Ihu bayan hari ke nan, kuma ƙauyukan da ba a jefa wa bam ba suna nan yadda Tudun Biri take kafin wannan dare.

Irin wannan masifa ba kullum take aukuwa ba. Abin da ke cin mutanen karkara kowane mako ba ya shiga labaran rediyo: naƙuda da ta daɗe, jijjigar masu ciki, hatsarin babur, saran kububuwa a gona lokacin girbi, yaron da zazzaɓi ya sa ya fara fizge-fizge, ƙaramar yarinya da ta faɗa tukunyar ruwan zafi. Gobara ita ma tana nan, amma idan aka jera su ba ita ce kan gaba ba. Ƙasashen da suka haɗa aikin kashe wuta da na ɗaukar marasa lafiya a tasha ɗaya sun daɗe da gane haka. A Amurka kusan kashi biyu bisa uku na kiran da 'yan kwana-kwana ke amsawa na ciwo ne ko rauni, gobara ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. A Faransa aikin ceton mutane ya ɗara kashi 80 cikin 100 na fitarsu. Maƙwabtanmu na Nijar sun gaji wannan tsari na Faransa: a Maraɗi ko Damagaram, wanda ya buga lamba 18 yana iya zama gobara ce ta sa shi kira, yana iya zama hatsarin mota ne, kuma ma'aikata ɗaya ne za su fito. Mu a Nijeriya mun raba aikin kashi-kashi. Wuta ta 'yan kwana-kwana ce, hatsarin hanya na jami'an kiyaye haɗura ne, ambaliya ta hukumar agaji ce, mai naƙuda kuwa ta mijinta ce.

A birni ana iya jure wannan rarrabuwa, domin kowace hukuma tana da ofis a wani layi. A karkara ba za ta yiwu ba. Babu gwamnatin da za ta gina wa gunduma ɗaya ofisoshi huɗu, kowanne da motarsa da ma'aikatansa na dare da rana. Saboda haka tashar karkara dole ta zama ɗaya, kuma idan kuɗi bai kai a sayi komai lokaci guda ba, motar marasa lafiya ya kamata a fara saya kafin jar motar kashe wuta. Na san wannan ba zai yi wa 'yan siyasa daɗi ba, domin jar motar ta fi kyau a hoto.

To me tashar za ta iya yi wa gobara? Gara a faɗi gaskiya tun da wuri, don kada a yaudari mutane. Ɗakin da wuta ta kama yakan turnuƙe gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Idan rufin ciyawa ne, ga dangar kara, ga harawa a jibge a kan rumfa, ga iskar hunturu tana kaɗawa, to abin ya fi haka sauri. Babu motar da za ta taso daga wani gari ta ceci ɗakin da wutar ta fara ci. Abin da take ceta shi ne gidan maƙwabci, da rumbunan da ke bayan gida, da sauran rumfunan kasuwa. Ga manomin da amfanin shekararsa ke cikin rumbu biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar NFPA ta Amurka, wadda ke tsara ma'aunin aikin kashe gobara, ta sanya wa yankunan karkara cewa aƙalla mutum 6 su isa wurin cikin minti 14, a kashi 80 cikin 100 na kiran da aka yi. Mu ɗauki wannan ma'auni mu ɗora a kan hanyoyinmu. Motar da ke gudun kilomita 40 a awa a kan burji, cikin rubu'in awa kilomita 10 kacal za ta ci, kuma wannan da rani ne. Da damina, idan rafi ya kawo, ƙauyen da ake hangen hayaƙinsa ma sai ya gagara shiga. Ke nan tasha ɗaya a hedikwatar ƙaramar hukuma, kamar Turunku, ba za ta wadatar da Igabi mai gundumomi 12 ba, wadda ta miƙe tun daga Rigasa har Zangon Aya.

Agogon jini ya ɗan fi na wuta sassauci, amma shi ma ba ya jira. Masana lafiyar mata sun ƙiyasta cewa zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu idan ba a tare shi ba. Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri uku ne ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san na farkon. Maigida ya tafi cin rani ko yana kasuwar wani gari, ba wanda zai ba da izini, unguwarzoma tana cewa a ƙara haƙuri, ana ta jiƙe-jiƙe, ana kuma lissafin kuɗin shatar mota. Tasha tana maganin jinkiri na biyu kai tsaye. Tana kuma rage na farko, domin idan mutane suka san mota za ta zo kuma ba za a tambaye su kuɗin mai ba, shawara ba ta ɗaukar dare guda. Na uku kuwa ba ya hannunta, kuma zan dawo kansa.

Sai batun ruwa, wanda shi ne tushen rigimar da ke tsakanin jama'a da 'yan kwana-kwana a duk biranenmu. Kowa ya san zargin: sun zo a makare, kuma sun zo ba ruwa. Wani lokaci har jifa ake yi musu. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma akasari ba a fahimci abin da ke faruwa ba. Motar kwana-kwana ta yau da kullum tana ɗaukar ruwa lita dubu kaɗan ne, a ce 4,000, wato jarka 160 irin ta 'yan ga-ruwa. Tiyo ɗaya yana iya fesa lita 400 zuwa 500 a minti guda. Cikin minti goma tanki ya ƙare. A ƙasashen da aka tsara garuruwa da wannan tunani, motar tana jona tiyonta da famfon gobara da ke bakin titi ta ci gaba da aiki. A nan sai ta juya ta tafi neman inda za ta sake cikawa, kafin ta dawo wuta ta farfaɗo, masu kallo kuma su ce ai da ma ba ta zo da komai ba. Manyan gobarar kasuwanni da muka gani, ta Jos a 2002, ta Sabon Garin Kano a Maris 2016, ta Sakkwato a Janairu 2021 da ta Katsina a Maris na shekarar, duk a tsakiyar birane suka auku, inda motocin suke. Idan haka ta faru a birni, ina ga ƙauyen da ruwan sha ma sai an yi layi?

Don haka kafin a aza tubali ɗaya, a fara da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da babban tanki a sama, wanda zai iya cika mota cikin 'yan mintuna ba tare da an jira wutar lantarki ba. A bi ƙauyukan yankin a rubuta duk inda ake samun ruwa har ƙarshen rani, kududdufi ne, dam ne, ko gulbi, a kuma tabbatar mota za ta iya zuwa bakinsa. Abin daɗi shi ne manoman rani sun riga sun mallaki rabin kayan aikin. Injin ban-ruwa da ake shayar da tumatir da albasa a fadama, idan aka ɗora shi a bayan a-kori-kura tare da tankin lita dubu da dogon tiyo, ya zama motar kashe gobarar ƙauye. Bakanikensa yana nan a kowace kasuwa, kayan gyaransa ma haka. Babbar motar da aka yo odarta daga Turai tana da nauyin da ƙananan gadojin karkara ba za su ɗauka ba, ba ta shiga lungu, kuma ran da famfonta ya lalace sai ta shekara a kan duwatsu ana jiran kayan gyara daga waje. Tana da amfaninta a kan babbar hanya. A cikin ƙauyuka ƙaramar mota mai jan ƙafa huɗu, da keke mai ƙafa uku da aka gyara ya ɗauki marar lafiya a kwance, sun fi ta aiki nesa ba kusa ba.

Wa zai tuƙa su, wa zai riƙe tiyon? Tashar da za ta amsa kira dare da rana tana bukatar ma'aikata kashi uku ko huɗu masu karɓa-karɓa, domin mutum ba ya yin awa 24 kullum. Kujera ɗaya a cikin mota tana nufin albashin mutum huɗu. Wannan lissafi ne ke kashe tashoshin karkara ko'ina a duniya, kuma ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma ba su iya biyansa ba. A Jamus masu kashe gobara na sa-kai sun kai kimanin miliyan ɗaya, su ne mafi rinjaye nesa, kuma kusan kowane ƙauye yana da ƙungiyarsa. A Amurka kusan kashi biyu bisa uku na 'yan kwana-kwana 'yan sa-kai ne, manoma da makanikai da malaman makaranta waɗanda ke ajiye aikinsu idan ƙararrawa ta kaɗa. Gwamnati tana ba su horo da kayan aiki da inshora, su kuma suna ba da lokacinsu.

Wasu za su ce wannan ai sai Turai. Ban yarda ba, kuma hujjata tana nan a Doka. A nan Kaduna hedikwatar Jama'atu Nasril Islam take, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya jagoranci kafawa a 1962. 'Yan agajinta, da na Fityanul Islam, da na Izala, suna da rassa har cikin ƙauyuka, da kaki da fareti da shugabanni da tsarin bin umarni. Su ne ke tsare filin Idi, su ke raba cunkoso a wurin tafsiri, su ke ɗaukar gawa idan an yi hatsari. A majami'u akwai Boys' Brigade, ga kuma 'yan Red Cross, ga 'yan sintiri a kowace unguwa. Mutanen da za su fito cikin dare ba don albashi ba muna da su tun tuni. Abin da ba su da shi shi ne horo na gaske a kan tsayar da jini, ɗaukar wanda ya karye a baya ba tare da an ƙarasa shi ba, da sanin wutar da ake zuba wa ruwa da wadda ruwa ke ƙara wa ƙarfi. Tasha mai ma'aikatan gwamnati kaɗan, a ce direba da ma'aikacin lafiya da ɗan kwana-kwana ɗaya a kowane zagaye, sannan 'yan sa-kai goma ko sama da haka a kowane babban ƙauye, ita ce siffar da aljihunmu zai iya ɗauka.

An gwada irin wannan a wuraren da suka fi namu wuya. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyin da aka binne a ƙasa ke tashi da manoma kuma asibiti ke da nisan awanni, likitoci sun horar da ma'aikatan lafiya na karkara da dubban mutanen ƙauye a kan taimakon farko. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna mace-macen masu rauni ya sauko daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa kimanin 15. A Kumasi ta ƙasar Gana an koya wa direbobin haya sama da 300 taimakon farko, saboda an lura su ne ke kai yawancin masu hatsari asibiti. Mu ma a nan Arewa, shirin lafiyar mata da yara na PRRINN-MNCH ya haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, inda aka horar da direbobin tasha su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa, ladansu kuwa wani lokaci bai wuce a ba su lodi ba tare da bin layi ba. Jigawa ta yi nata shirin mai suna Haihuwa Lafiya. Duk wanda zai kafa tasha a Igabi bai fara zama da shugabannin tashar Kawo da na Mando ba, ya bar motocin da suka fi kowanne sanin hanyoyin yankin.

Akwai darussan da 'yan sa-kai za su kai gida-gida waɗanda ba sa cin ko kwabo. Wanda ya ƙone, ruwa mai sanyi ake kwarara masa na kimanin minti 20, ba ƙwai ba, ba manja ba, ba man goge baki ba. Wanda maciji ya sara, ba a tsaga wurin, ba a ɗaure shi tamau, a hana shi tafiya da ƙafarsa a kai shi inda ake da allurar dafi. Wutar fetur ba a watsa mata ruwa, yashi ko jiƙaƙƙen bargo ake sa mata. Kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki da hunturu, da maganin sauro na kunnawa kusa da katifa, da jarkokin 'yan bumburutu da ake kwana da su a cikin gida, su ne abokan gobarar karkara. A watan Fabrairu 2025 almajirai 17 suka ƙone cikin dare a wata tsangaya a Ƙaura Namoda. A Nuwamba 2021 yara sama da 20 suka rasu a Maraɗi lokacin da azuzuwan zana suka kama da wuta. Babu motar da za ta riga irin wannan wuta. Abin da zai hana ta shi ne wani ya zagaya tun da rana ya duba ɗakin da yara 40 ke kwana, ya tambayi ƙofa nawa gare shi, kuma me aka jibge a bakinta. Wannan zagaye aikin tasha ne, kuma shi zai cinye yawancin ranakunta.

Kiran kansa wani aiki ne. Nijeriya tana da lambar gaggawa ta 112, jami'an kiyaye haɗura suna da 122, amma ka tambayi mutum goma a kasuwar ƙauye ka ji nawa suka san su. Wanda ya sani ma, zai so ya tabbata mai ɗaukar wayar yana jin Hausa ko Gbagyi ko Fulatanci, kuma ya gane kwatance irin namu: bayan makarantar firamare, kusa da tsamiyar nan, gidan Sarkin Noma. Ƙauyukanmu ba su da lambar gida. Dole mai amsa kira ya zama ɗan yankin, ko kuma kowane mai unguwa ya san lambar tashar kai tsaye. Kada kuma a dogara da wayar salula kaɗai. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jiha ta sa aka rufe layukan waya a wasu sassan Kaduna saboda 'yan bindiga, aka kuma hana hawa babur, har kusan wata biyu ba sabis. Tashar da ba ta da rediyon oba-oba tsakaninta da manyan ƙauyuka, a irin wannan lokaci kurma ce.

Yanzu jinkiri na uku. Motar da ta ɗauko mace cikin minti 20 ta kai ta asibitin da babu ungozoma a bakin aiki, babu jini, babu wuta, ba ta yi komai ba illa sauya mata wurin mutuwa. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ɗauki tsarin gyara cibiyar lafiya ɗaya a kowace gunduma daga cikin gundumomi 255 na jihar, kuma a 2022 kamfanin Zipline ya fara jigilar magunguna da alluran rigakafi da ƙananan jirage marasa matuƙi daga Pambeguwa. Wannan ya ba da tushen da za a ɗora a kai. Maimakon a nemi sabon fili a zagaye shi da katanga, a jingina tashar da cibiyar lafiyar gunduma: rumfar mota biyu, ɗakin kwanan masu aikin dare, rijiya da tanki. Ma'aikacin lafiyar da ke jiran kira zai riƙa taimakawa a cibiyar, ruwan tankin zai amfani ɗakin haihuwa, mai gadi ɗaya ya isa. Sannan a yi yarjejeniya a rubuce da asibitin Kawo da Barau Dikko da Asibitin Koyarwa na Shika, ta yadda kafin mota ta iso an san tana tafe kuma an san me ta ɗauko.

Doka, ta majalisa nake nufi, tana bayan wannan aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma kafa asusun kiwon lafiya da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, aka keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa. Daga nan ne shirin NEMSAS ya fito, wanda ya fara aiki a 2022, yana biyan kuɗin ɗauko marar lafiya da jinyarsa ta awa 48 na farko. Wata doka ta 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ta fuskar gobara, hukumar tarayya tana aiki da dokar 1963 a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kowace jiha kuma tana da tata. Kasuwanni da tashoshin mota suna hannun ƙananan hukumomi, suna kuma da hannu a kiwon lafiya, kuma tun 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Hanyoyin kuɗi suna nan. Abin da babu shi ne wanda za a kama da laifi idan mota ta kwana ba mai. Tarayya ta ba da mota, jiha ta ba da ma'aikata, ƙaramar hukuma ta ba da fili, dizal da taya da batir kuwa kowa ya ɗauka na wani ne. Gana ta kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004, a Janairu 2020 ta raba motoci 307 domin kowace mazaɓa ta samu, kuma ko a can ba a daɗe ba aka koma kukan gyara da mai.

A ina za a fara? Ni dai da za a tambaye ni, zan ce a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, wajen Mararrabar Jos. Wuri ne da tireloli da tankokin mai ke kwana jere a bakin titi, ga masu abinci da wutarsu, ga hanyoyi sun rabu zuwa ƙauyuka ta kowane gefe. A ranar 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jigawa, mutane suka taru kwasar fetur, ta fashe, sama da 150 suka mutu. Wata uku bayan haka, 18 ga Janairu 2025, aka maimaita a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, fiye da 80 suka tafi. A duka biyun akwai tazara tsakanin faɗuwar motar da tashin wutar. Mutum goma masu kaki da igiya da lasifika, waɗanda jama'a suka sani suke jin nauyinsu, da motar da ke ɗauke da kumfar kashe wutar mai, suna iya yin aikin da asibitoci biyar ba za su iya yi ba bayan wuta ta tashi. A nan ne babbar mota take da hujja. Tasha ta biyu sai ta kasance a ɓangaren Mando da Afaka, bakin hanyar Birnin Gwari, daga nan a riƙa ajiye ƙananan motoci a cibiyoyin lafiya na gundumomin ciki.

Matsalar tsaro ba a ɓoye take ba. Motar da ke fita ƙarfe biyun dare zuwa ƙauyen da 'yan bindiga ke kai-kawo tana iya zama abin farauta, ita da ma'aikatanta, kuma ba adalci ba ne a tura ma'aikacin lafiya inda ɗan sanda ba ya zuwa. Akwai garuruwan da dole sai an tsara wurin haɗuwa: 'yan sa-kai su fito da marar lafiya zuwa bakin kwalta, mota ta tare su a can. Akwai kuma tsohuwar cutar ma'aikata, wanda aka tura ƙauye ya koma Kaduna da zama yana zuwa ranar biyan albashi. Maganinta a ɗauki 'yan yankin aiki, a kuma ba hakimi da kwamitin ci-gaban gunduma ikon duba rajistar zuwa aiki da littafin fitar mota. Motar marasa lafiya da ake gani a gidan biki ko tana ɗauko buhunan masarar shugaba, jama'ar gari ne kaɗai za su iya hana ta.

Ya kamata a kafa tashar, kuma an makara. Amma 'yan majalisar jiha da ke zama a Lugard Hall, da shugabannin ƙananan hukumomin Igabi da Kaduna ta Arewa, kada su amince da kwangilar gini sai sun ga abu huɗu a rubuce cikin kasafi: kuɗin mai da gyara na aƙalla shekara uku, sunayen ma'aikatan da za su kwana a wurin, rijiya da tankin da aka gwada suna cika mota, da asibitin da ya sa hannu zai karɓi wanda aka kawo. Mai karatu kuma, idan ɗan takara ya zo garinku da alkawarin tashar kwana-kwana, ka tambaye shi wa zai sayi dizal.